Ciwon Gaɓɓai da Motsa Jiki ga Waɗanda ke Cikin Haɗarin Kamuwa da Amosanin Rumatoyid: Tsokaci daga Fadamar Auyo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Auyo da sauran garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja ya san cewa da wuya a tashi daga wata majalisa ta magidanta ba a ji wani ya yi kukan "sanyi" ba. Manomi ya wuni a duƙe cikin ruwa yana dashen shinkafa, da dare gwiwa ta hana shi barci, sai ya ce sanyi ne. Masunci ya kwana a kan ruwa cikin hunturu, kafaɗa ta riƙe, shi ma sanyi ne. Matar aure ta wayi gari yatsunta sun sanƙare har ta kasa riƙe muciya, ita ma abin da za a gaya mata ke nan. Kalma ɗaya ce, amma cututtukan da ke ƙarƙashinta suna da yawa. Galibinsu gajiya ce ko tsufa. Amma akwai guda ɗaya a cikinsu wadda in aka yi sakaci da ita a watanninta na farko, takan lanƙwashe yatsu ta raba mutum da sana'arsa har iyakar rayuwarsa. Ita ce likitoci ke kira rumatoyid.

Manufar wannan takarda ita ce mu amsa tambayoyi uku. Ta farko, su wane ne ke cikin haɗarin kamuwa da wannan cuta tun ba ta bayyana ba? Ta biyu, waɗanne alamomi ne ke bambanta ciwon gaɓar da ya kamata a ji tsoro da ciwon gajiya? Ta uku, wadda ita ce ginshiƙin takardar, shin irin wannan mutum hutu ya kamace shi ko motsa jiki, kuma shin wahalar gona da ta kamun kifi ta ɗauke masa nauyin motsa jikin? Mun zaɓi Auyo ne domin a nan ne amsar tambaya ta uku ta fi wuyar bayarwa, tun da mutanen wurin da gaɓɓansu suke ci.

2.0 Cutar da muke magana a kanta

Kowace gaɓa mai motsi tana da wani tantani siriri da ya lulluɓe ta daga ciki, wanda ke samar da ruwan da ke hana ƙasusuwa gugar juna. A cutar rumatoyid, garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa ta far wa wannan tantani. Sai ya kumbura, ya yi kauri, a hankali ya shiga cin guringuntsi da gefen ƙashi. Abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Takan fara ne daga ƙananan gaɓɓai, watau tushen yatsu da tsakiyarsu, da wuyan hannu, da tushen yatsun ƙafa, kuma galibi takan kama dama da hagu tare. Ba ta tsaya ga gaɓɓai kaɗai ba, takan kawo kasala da ƙarancin jini, ta taɓa huhu da idanu, ta kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Ya kamata mu bambanta ta da zaizayar gaɓɓai irin ta tsufa, wadda ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Zaizaya ta fi kama gwiwa da kwankwaso da baya, ciwonta yakan ƙaru da aiki ya lafa da hutu, sanƙarewarta ta safe kuwa ba ta cika kai rabin awa ba. Rumatoyid akasin haka take: ta fi tsanani bayan an kwana a kwance, sa'an nan ta ɗan saki in an motsa jiki. Wannan bambanci shi ne mabuɗin duk abin da za mu faɗa nan gaba.

Wani ɗalibin likita a birnin Faris, Landré-Beauvais, shi ne ya fara bayyana kamanninta a rubuce cikin 1800, sa'an nan Alfred Garrod na Ingila ya raɗa mata suna cikin 1859. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da ita a duniya, kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne.

2.1 Matsayinta a Nijeriya

An daɗe ana ɗauka cewa wannan cuta ta Turawa ce. Cikin 1968 Brian Greenwood, wanda a lokacin yake aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya nuna cewa ba a cika ganin ta a wannan asibiti ba, ya kuma kawo hasashen cewa yawan kamuwa da zazzabin cizon sauro da makamantansa na iya sauya halin garkuwar jiki. Cikin 1993 Silman da abokan aikinsa sun buga sakamakon binciken kusan mutum 2000 a karkarar kudu maso yammacin Nijeriya, ba su sami mai ita ko ɗaya ba. Amma cikin 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa sun buga bayanin marasa lafiya 200 masu wannan cuta daga ɗakin duba masu amosani guda ɗaya a Legas, yawancinsu mata. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, ko da cutar ba ta da yawa a karkara, akwai ta a ƙasar nan, kuma inda babu mai neman ta ba za a gan ta ba.

3.0 Su wane ne ke cikin haɗari?

Babban abin da ilmi ya gano a shekarun baya-bayan nan shi ne cewa rumatoyid ba ta faɗowa mutum rana tsaka. Cikin 2004 wasu masana a Amsterdam ta ƙasar Holan sun koma ga tsofaffin samfuran jinin mutum 79 waɗanda suka saba ba da gudummawar jini kafin daga baya cutar ta kama su. Sai suka tarar kusan rabinsu suna ɗauke da alamarta a jini tun kafin su ji ciwo, a matsakaicin lissafi da shekara huɗu da rabi. Ashe ke nan akwai matakai: gado da muhalli, sa'an nan rikicewar garkuwar jiki ba tare da ciwo ba, sa'an nan ciwon gaɓa ba tare da kumburi ba, daga ƙarshe kumburin da likita zai iya taɓawa da hannu. Ba kowa ne ke kai wa matakin ƙarshe ba. Waɗanda ke kan matakan tsakiya su ne muke nufi da masu haɗarin kamuwa.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sun haɗa da waɗannan. Na farko, dangantaka ta jini: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wanda suke ciki ɗaya ke da cutar, haɗarinsa ya kai kimanin ninki uku na sauran jama'a. Duk da haka gado kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ko a tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya yana da ita, kimanin 15 cikin 100 ne kawai ɗayan ke samun ta. Na biyu, jinsi: mata sun fi maza ninki biyu zuwa uku, kuma watannin da ke bayan haihuwa lokaci ne da takan bayyana. Na uku, shan taba sigari, wanda shi ne mafi girma cikin abubuwan da mutum zai iya kauce wa. Masanan Suwidin sun nuna cikin 2006 cewa hayaƙin taba in ya haɗu da gado, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Na huɗu, shaƙar ƙurar duwatsu, irin ta masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai. Har wa yau an sami alaƙa tsakaninta da ƙiba da kuma daɗaɗɗen ciwon dasashi.

Akwai gwaje-gwajen jini guda biyu da ake dogara da su. Tsohon shi ne wanda ake kira RF, wanda Erik Waaler na Norwe ya bayyana cikin 1940. Sabon shi ne gwajin CCP, wanda aka samar a Holan wajen shekarar 2000, kuma ya fi na farko tantancewa. A nan akwai gargaɗin da ya shafi yankinmu kai tsaye. Gwajin RF yakan nuna alama ga mutanen da suka daɗe suna fama da zazzabin cizon sauro ko tsargiya ko tarin fuka ko ciwon hanta, alhali ba su da rumatoyid. Waɗannan kuwa cututtuka ne da fadamar Haɗeja ta saba da su. Saboda haka takardar gwaji kaɗai ba ta isa a ce wa ɗan Auyo yana da cutar ba, haka kuma rashin alamar a jini bai wanke shi ba, domin akwai masu cutar da jininsu ba ya nuna kome.

4.0 Alamomin da ya kamata a lura da su

Cikin 2017 Ƙungiyar Likitocin Amosani ta Turai, EULAR, ta buga alamomi bakwai waɗanda ke nuna cewa ciwon gaɓar da bai riga ya kumbura ba yana iya rikiɗewa ya zama rumatoyid. Ga su, tare da yadda muke ganin za a fi gane su a gidajenmu:

(a) Ciwon sabo ne, bai kai shekara guda ba.

(b) Yana tushen yatsun hannu, inda yatsu suka haɗu da tafi.

(c) Gaɓɓai suna sanƙarewa da safe har tsawon minti 60 ko fiye. Ga wanda ba ya duba agogo, ma'aunin shi ne: an tashi da asuba hannu ya kasa riƙe buta, har rana ta fito ta ɗaga bai saki ba.

(d) Ciwon ya fi tsanani da sassafe, ba da yamma bayan an taso daga aiki ba.

(e) Akwai mai cutar cikin iyaye ko 'yan'uwa na ciki ɗaya ko 'ya'ya.

(f) Mutum ya kasa dunƙule hannu sosai, irin dunƙulewar jinjina, ko kuwa yanko lomar tuwo ta fara yi masa wuya.

(g) In aka matsa tushen yatsunsa huɗu gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wajen musafaha, sai ya ji zafi ya janye hannu.

Wanda ya tara uku ko fiye daga cikin waɗannan, ya cancanci likita ya duba shi. Wanda kuwa gaɓarsa ta riga ta kumbura, ta yi taushi kamar an cusa ruwa, musamman in abin ya kai sati shida, to ya wuce matakin haɗari, sai a gaggauta.

Wajibi ne mu ƙara da cewa a yankinmu akwai wasu cututtukan da ke kawo ciwon gaɓɓai. Akwai sikila, wadda ita ma Hausawa ke kira amosanin jini. Akwai cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba ko daga taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, wadda ke kawo zazzaɓi mai zuwa yana dawowa da ciwon baya da na gaɓɓai, kuma makiyaya da mahauta sun fi fuskantar ta. Akwai tarin fukan da ke shiga ƙashi. Gaɓa guda ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, ba a kwana da ita a gida, domin mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shige ta.

5.0 Motsa jiki: abin da bincike ya nuna

A da, ko a Turai, kwanciya ake sa mai rumatoyid, wani lokaci na makonni. Daga baya aka gane cewa dogon hutu yana tsotse tsoka, ya raunana ƙashi, ya sa gaɓa ta ƙage. Cikin 2003 aka buga sakamakon wani gwaji a Holan inda aka raba marasa lafiya kimanin 300 gida biyu, aka sa kashi ɗaya motsa jiki mai ƙarfi sau biyu a mako har shekara biyu. Waɗanda suka motsa jikin sun fi iya hidimominsu na yau da kullum, cutar kuma ba ta ƙara tashi ba. Inda aka ga alamar ƙarin lahani shi ne ga waɗanda manyan gaɓɓansu suka riga suka lalace ƙwarai tun farko. Cikin 2018 EULAR ta sanya motsa jiki cikin ginshiƙan kula da masu amosanin gaɓɓai.

Game da waɗanda ba su riga sun kamu ba, akwai manyan bincike biyu. A Suwidin an bi sawun mata kimanin 30,000, aka buga cikin 2015 cewa waɗanda ke tafiya a ƙasa ko hawa keke fiye da minti 20 a rana, tare da motsa jiki fiye da awa guda a mako, haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100. A Amurka an bi sawun mata ma'aikatan jiyya fiye da 113,000, aka buga cikin 2019 cewa masu motsa jiki awa bakwai ko fiye a mako, haɗarinsu ya gaza na masu ƙasa da awa guda da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wani ɓangare na wannan amfani ya zo ne ta hanyar rage ƙiba.

Mai nazari zai iya tambaya: anya ba ciwon ne ya fara hana su motsi ba, aka ɗauka rashin motsin ne ya kawo ciwon? Tambaya ce mai ma'ana, domin kasala da ciwon gaɓa sukan riga kumburi zuwa. Masu binciken Amurka sun yi la'akari da haka, suka ware shekarun da ke dab da bayyanar cutar daga lissafinsu, amma alaƙar ba ta ɓace ba. Duk da haka alaƙa ce aka gani, ba hujja yankakkiya ba. Amma tambayar ta ba mu wani amfani: in mutumin da aka sani da kuzari ya fara ja da baya daga aiki, ko mace ta fara miƙa wa wata taɓarya saboda hannu, wannan janyewar ita kanta alama ce da iyali za su lura da ita, ba lalaci ba ce.

5.1 Motsa jiki daban, wahala daban

Duk binciken da muka ambata a kan motsa jiki na nishaɗi aka yi shi, kuma galibi a kan matan Turai da Amurka. Mutumin Auyo zai ce: ni da nake wuni ina huɗa, wane motsa jiki ya rage mini? A nan ne ake buƙatar hattara. Cikin 2017 masanan Suwidin sun buga bincike biyu. Ɗaya ya nuna alaƙa tsakanin rumatoyid da daɗewa ana aikin ƙarfi, irin su maimaita motsin hannu da yatsu, da ɗaukar kaya masu nauyi, da yawan duƙawa da juyawa, da aiki da na'ura mai girgiza. Ɗayan ya nuna alaƙa tsakaninta da aiki cikin sanyi. Cikin 2018 Andreas Holtermann na Denmak da abokan aikinsa sun bayyana dalilan da suka sa aikin ƙarfi ba ya ba jiki amfanin da motsa jiki na nishaɗi ke bayarwa: aikin yakan ɗauki awoyi masu yawa, babu isasshen hutu tsakani, jiki yana tsaye a siga ɗaya, kuma mai aikin ba shi ke da ikon tsayawa sa'ad da ya gaji ba. Wannan ya nuna cewa Bahaushe da ya danganta ciwon gaɓa da wahala da sanyi bai yi nisa da gaskiya ba. Inda aka kuskure shi ne ɗaukar cewa sanyin ne cutar, har a tsaya ga gashi da shafe-shafe.

Yanzu mu dubi Auyo. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya. Shirin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma aka ƙaddamar da shi bayan gyara da faɗaɗawa a farkon 2023, ya sa mutane da yawa suna noma damina da rani. Wannan alheri ne ga aljihu, amma ya cinye hutun da jiki ke samu bayan kaka. Zaman ruwa duk shekara ya kuma haifar da yaɗuwar kacalla, wadda ke toshe hanyoyin ruwa, sai an shiga ruwa an sare ta. A shekarun ambaliya kamar 2018 da 2022 kuwa, aikin cika buhunan ƙasa da ɗaga jinga ya ƙaru a kan na gona. Dashen shinkafa, da yanka da lauje, da bugu, da jan taru, da tura jirgi da gora, duk ayyuka ne na maimaita motsi guda na awoyi. A cikin gida kuma akwai daka da surfe da tuƙin tuwo da turara shinkafa da matsar wanki, waɗanda nauyinsu ke sauka a kan wuyan hannu da tushen yatsu, watau daidai inda rumatoyid ke farawa.

A ɗaya gefen akwai waɗanda matsalarsu rashin motsi ce: matan da ba su cika fita ba kuma injin ya ɗauke musu daka da niƙa, da 'yan tireda da teloli, da mu ma'aikata masu wuni a kujera mu koma gida a kan babur. Don haka shawara guda ba za ta dace da kowa ba.

6.0 Abin da ya kamata a yi

Ga mai ƙarancin motsi, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Motsi matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗaga amma mutum yana iya magana. Tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar a mako ta cika mafi ƙarancin ma'aunin, kuma ana iya rarraba ta. Matar da ke cikin gida za ta iya zagaya tsakar gida, ta riƙa tashi daga kujera tana zama sau goma a jere. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako.

Ga mai aikin ƙarfi, ba ƙarin wahala yake buƙata ba, sauyin siga yake buƙata. Ya riƙa miƙewa yana ware baya da yatsu a kai a kai. Ya cakuɗa ayyuka a wuni ɗaya maimakon ya ƙare wuni a kan guda. Ya naɗa tsumma ko roba a ƙotar fartanya da lauje domin ta yi kauri, saboda ƙota siririya ta fi matsa wa yatsu. Ya ɗauki kaya da hannu biyu kusa da ƙirji, ya raba buhu gida biyu, ya yi amfani da baro ko kura. Cikin hunturu, in da hali, ya jinkirta shiga ruwa har rana ta ɗaga, ya sauya jiƙaƙƙun tufafi da zarar ya fito. Al'adarmu ta gayya ma kariya ce, domin tana rage awoyin da mutum guda zai yi a duƙe.

Ga duk wanda ke da sanƙarewar safe, ya tsoma hannuwa cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, sa'an nan ya buɗe yatsu ya dunƙule a hankali, ya taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, ya juya wuyan hannu, ya ɗaga kafaɗu. Masu koyar da gashin ƙashi suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: in ciwon da motsi ya tayar ya wuce awa biyu bayan an gama, to an zarce, gobe a rage, amma kada a daina. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi kuwa a ɗauke mata nauyi, a riƙa motsa ta a hankali iyakar inda take kaiwa. Mai shan taba ya bari, wannan ya fi duk wata dabara da muka lissafa.

7.0 Magani da lokacinsa

Kada a fahimce mu da cewa motsa jiki zai maye gurbin magani. Da zarar kumburi ya tabbata, watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da magani ya fi tasiri wajen hana lalacewar gaɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban maganin shi ne metotireksat, wanda sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba, tare da gwajin jini a kai a kai, kuma ba a ba mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa. Likita kaɗai ke rubuta shi.

Masana sun gwada ba da magani tun kafin kumburi. Wani gwaji a Leiden ta Holan, wanda aka buga cikin 2022, ya nuna cewa metotireksat bai hana cutar zuwa ba, ko da yake ya rage ciwo. Wani kuma na Ingila da Holan, wanda aka buga cikin 2024, ya yi amfani da allurar abatasef a kan mutum 213: cikin shekarar da ake yin allurar, 6 cikin 100 ne suka kamu, alhali cikin waɗanda ba a ba su maganin ba 29 cikin 100 ne, bayan an daina, tazarar ta ragu. Wannan allura tana da tsadar gaske. Abin da ke hannun talaka a yau shi ne barin taba, da kula da nauyin jiki da haƙora, da motsi bisa ƙa'ida, da zuwa asibiti da wuri.

Abin da ya fi damun mu shi ne haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake saye a kasuwa don "maganin gajiya". Galibi sukan ƙunshi dikilofenak ko aibufurofen ko firoksikam, wani lokaci har da deksametason ko firedinisolon. Suna danne ciwo, mutum ya koma gona, amma ba maganin cutar ba ne, sai watanni masu daraja su wuce. Rukunin farko yana kawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda, musamman ga wanda ke aiki cikin rana da ƙishirwa; na biyu yana kawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. A yankin da aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, daga Haɗeja har Gashuwa, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Mai alamomin da muka lissafa ya fara da asibitin da ke kusa da shi, ya nemi a tura shi Babban Asibitin Haɗeja, daga nan in da buƙata zuwa Dutse ko Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun nuna cewa rumatoyid tana da matakai kafin ta bayyana, cewa akwai alamomi bakwai da za a iya dubawa ba tare da na'ura ba, kuma cewa motsa jiki bisa ƙa'ida yana da amfani ga mai haɗarin kamuwa, amma wahalar gona da ta tsakar gida ba ta tsaya a madadinsa ba. Muna ba da shawara uku. Ta farko, kwalejojin ilmi su sanya waɗannan alamomi cikin darasin ilmin motsa jiki da kiwon lafiya, domin ɗalibanmu su ne za su koyar a makarantun ƙauyukan fadama. Ta biyu, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa yi wa mai kukan sanyi tambayoyi biyu: yaushe ciwon ya fi tsanani, kuma tsawon wane lokaci hannu ke yi kafin ya saki da safe? Ta uku, masana harshe da ke wannan taro su haɗa kai da likitoci a tsayar da sunaye daban-daban ga cututtukan da muke tarawa a ƙarƙashin sanyi da amosani, domin muddin suna ɗaya ne, magani ɗaya za a ci gaba da nema musu. Muna fatan tattaunawar da za ta biyo baya za ta fara daga wannan batu na ƙarshe.